Gandun dajin Iguazu na Ajantina: ruwan ya isa a je dominsa, amma don Allah ku shiga kurmin ma

Jama'a duk wanda yake shawarar zuwa Iguazu, wurin manyan magangarun ruwa da ke iyakar Ajantina da Brazil, ina ce masa ya je kawai, kuɗinsa ba za su tafi a banza ba wallahi. Sai dai akwai abin da na ga yawancin masu zuwa suna yi wanda bai min daɗi ba, su sauka daga bas su ruga wajen babbar magangarar su ɗauki hoto su juya, alhali rabin abin da aka killace wurin dominsa yana cikin kurmi ne, ba su ko leƙa shi ba.

Gandun yana can ƙuryar arewa maso gabashin Ajantina a lardin Misiones, kogin Iguazu ne ya raba su da Brazil, kowace ƙasa da nata gandun a ɓangarenta. Na Ajantina tun 1934 aka kafa shi, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1984. Daga garin Puerto Iguazú akwai bas da ke kaiwa har bakin ƙofa, tafiyar wajen rabin awa ce. Da peso ake biyan tikiti kuma na baƙi ya fi na 'yan ƙasa tsada, ƙarfe 8 na safe suke buɗewa, ku yi ƙoƙari ƙarfe 8 ɗin ta same ku a ƙofa don daga ƙarfe 10 manyan motocin 'yan yawon buɗe ido sun fara sauke mutane, layi ko'ina.

A ciki akwai wani ɗan jirgin ƙasa marar tagogi, kuɗinsa na cikin tikiti, shi ke kai mutum tashar Garganta del Diablo, wato Maƙogwaron Shaiɗan. Daga tashar kuma sai ka taka gadar ƙarfe ta fi kilomita ɗaya a kan kogin, kuma abin mamaki ruwan nan a kwance yake lakadan, faɗi ne kawai da tsibirai ƙanana, kana leƙawa ƙasa kana ganin manyan tarwaɗa da kunkuru na shan rana a kan dutse, a gefe ga ginshiƙan tsohuwar gada da ambaliya ta karya an bar su nan a tsaye. Babu abin da zai nuna maka abin da ke gabanka sai wani farin hazo da ke tashi can nesa da kuma rugugi da ke ƙaruwa kaɗan kaɗan har ka daina jin maganar na kusa da kai. Kana isa ƙarshen gadar sai ka ga kamar kogin gaba ɗaya ya rufta cikin rami, ta ɓangare uku yake zubowa, zurfin wajen mita 80, ƙasan ma ba a gani saboda feshi. Subhanallah. Na tsaya na riƙe ƙarfen gadar ina jin yana rawa a tafin hannuna, kayana sun jiƙe sharkaf ban ko damu ba.

Idan kun je ku ɗan sauke waya ku kalli tsuntsayen nan, wasu tsattsewa ne baƙaƙe, su ne ma a tambarin gandun. Za ku ga sun yi shawagi cikin feshi sai kawai su kutsa cikin ruwan da ke zubowa su ɓace, ashe a jikin dutsen da ke bayan ruwan suke sheƙa, inda babu maciji ko wata dabba da za ta iya kai wa ƙwansu. Ni kam na fi daɗewa ina kallonsu a kan komai. Wayar kuma a sa ta cikin leda, feshin ba wasa ba ne, iska na juyawa zai sauko maka gaba ɗaya.

Cinkoso a wannan dandalin akwai shi, ba zan ɓoye ba. Wani zai tare bakin ƙarfe minti goma yana canza tsayuwa ana ɗaukarsa, tsofaffi na bayansa suna jira, ko kunya babu. Maganinsa sammako.

Bayan nan akwai zagaye biyu, na sama da na ƙasa. Na sama shimfiɗaɗɗe ne babu matakala, ko mai keken guragu zai bi, kana tafiya a kan leɓen magangarun kana kallon ruwa na wucewa ta ƙarƙashin ƙafarka. Na ƙasa yana da hawa da sauka amma shi na fi so nesa ba kusa ba, don ta nan ne kake ganin girman abin daga gindinsa, ka tsaya gaban magangarar Salto Bossetti ruwa na dukan fuskarka, ga bakan gizo a ƙasan ƙafarka ba a sama ba. Daga nan ne kuma za ka gane ba magangara ɗaya ba ce, kusan 275 ne a jere tsawon kilomita 2.7, yawancinsu a ɓangaren Ajantina, kuma da yawa hawa biyu suke saukowa saboda dutsen baƙi ne na aman wuta da ya daskare shimfiɗa kan shimfiɗa tun zamanin da. Adadin ma yana canzawa da yawan ruwa. A lokacin da kogin yake daidai wajen kubik mita 1,500 ke zubowa a sakan ɗaya, a ambaliyar watan Yunin 2014 ya haura 45,000, haka a ƙarshen 2023 ruwa ya ɓalle gadar Garganta aka rufe ta watanni, to kafin ku sayi tikitin jirgi ku duba ko a buɗe take.

Sai batun kowati, wata dabba ce ta ɗan fi mage girma, dogon hanci da jela mai zobe zobe, garke garke suke yawo wajen wuraren cin abinci. Kyakkyawa ce a ido shi ya sa mutane ke miƙa mata biskit duk da alluna ko'ina an rubuta kar a ba su har da hoton hannun da suka yaga. A gabana ɗaya ta haye tebur ta fizge ledar wata mata ta tsere, yaran suna kuka. Laifin masu ba su ne, sun maida dabbar daji maroƙiya, abincin kuma cutar da ita yake. Ku rufe jakarku ku bar su.

To yanzu ga abin da ya sa na yi wannan rubutun, Sendero Macuco. Turba ce ta jar ƙasa, kilomita 3.5 a zuwa, 3.5 a dawowa, babu gadar ƙarfe babu shago babu jirgi, mashigarta na kusa da tashar farko amma sai ka ga dubban mutane sun wuce ta ba wanda ya waiga. Kana shiga da 'yan mintuna rugugin ruwan ya yanke, bishiyoyi sun haɗe ta sama rana sai ɗigo ɗigo, jijiyoyi na lilo daga rassa, gora a gefe, iska mai nauyi da ƙanshin ruɓaɓɓen ganye. Za ka ji motsi a sama ka ɗaga kai ka ga birrai suna tsallake reshe, can kuma tsuntsun tukan mai ƙaton baki ruwan lemo yana zaune abinsa, a ƙasa tururuwa manya da ban taɓa ganin irinsu ba. Malam-buɗe-littafi kuwa har a hannu suke sauka, wani mai fiffike da zane baƙi da fari ya zauna a bayan hannuna yana lasar zufa don gishirin da ke ciki, ina jin ɗan harshensa yana taɓa fata, ya daɗe bai tashi ba. Ƙarshen turbar wata 'yar magangara ce Salto Arrechea, wajen mita 20, siririya, tana zuba cikin ɗan tafki, bayan Garganta za ka ce ba komai ba ce amma a nan ne za ka samu ka zauna ba mai ture ka.

Wannan kurmin ragowar babban dajin Atlantika ne da ya taɓa rufe gabashin Brazil har Paraguay da wannan yanki na Ajantina, an sare mafi yawansa an yi gonaki da birane, abin da ya saura a Misiones na cikin manyan guntayen da suka rage a haɗe, kuma har yau akwai damisar jaguwa a ciki, shi ya sa a bakin turba aka kafa allo mai bayanin abin da za ka yi idan kun haɗu, kar ka ruga kar ka juya mata baya. Ganinta da wuya ƙwarai. Ni dai zuciyata ta yi daɗi da sanin tana nan.

Wurin a tsaftace yake, banɗakuna ba laifi, masu gadin dajin suna da kirki kuma suna amsa tambaya ko da Sifaniyancinka kame kame ne. Abincin ciki tsada, ku zo da naku da gorar ruwa. Akwai kwale-kwale mai inji da ke shiga da mutane ƙarƙashin ruwan, kuɗinsa daban ne, mai son ihu zai more. Ɓangaren Brazil rabin yini ya ishe shi, daga can ne ake ganin jerin magangarun gaba ɗaya, amma sai an tsallaka iyaka, to ku duba batun biza tun da wuri.

Wanda zai je ya ware wa ɓangaren Ajantina kwana biyu, ɗaya na ruwa ɗaya na kurmi. Takalmi mai kama ƙasa ba silifas ba, man sauro, hula, kuma Macuco da safe ake shigarta don suna rufe mashigar tun kafin a tashi daga gandun.