Amitraz a jikin karen da aka tsinto: yana aiki, amma da sirinji ake auna shi

Karen da aka ɗauko daga bakin titi ko bayan mahauta, ko wanda masu shi suka tashi suka bar shi a kango, kusan kullum da kaya uku yake zuwa: kaska, ƙazuwa da tsutsar ciki. A Ingila ko Amurka, gidajen da ke tara karnuka marasa masu su yawanci sai sun yi wa kare rigakafi da fiɗiya sun ba shi maganin ƙwari kafin su miƙa shi ga mai so. A nan wajenmu wannan aikin duk a kan wanda ya ɗauko yake. Idan kuma ya je shagon maganin dabbobi ya ce karensa na soshe-soshe, abin da aka fi saurin miƙo masa shi ne kwalbar amitraz mai ƙarfin kashi 12.5 cikin ɗari, wadda asali don kaskar shanu aka yi ta. Sunan kamfani ya bambanta, sinadarin ɗaya ne.

Na yi amfani da shi a kan karnukan gida irin namu da aka tsinto, kuma ra'ayina shi ne magani ne na gaske, mai araha, wanda ake samu ko a ƙaramin gari. Amma ba na ba kowa shawarar ya saye shi sai in zai sayi sirinji tare, kuma zai haƙura ya jira karen ya ɗan farfaɗo kafin wankan farko.

Wannan jiran shi ne abin da aka fi tsallakewa. Mutum ya ga kare duk kaska har cikin kunne, tausayi ya kama shi, sai ya so ya wanke shi a ranar. Amitraz kuwa yana rage bugun zuciya, yana sauke zafin jiki, yana sa kasala da barci. Lafiyayyen kare zai jure, ya yi kwana ɗaya zuwa uku a kasalance ya warware. Wanda yunwa ta cinye, kaska ta shanye masa jini, zai iya kwantawa bai tashi ba. Don haka kafin komai a ɗaga leɓensa a dubi dasashi. Idan ja-ja ne mai haske, da sauƙi. Idan ya yi fari fat ko ya yi rawaya, maganar wanka ba ta taso ba, wajen likitan dabbobi za a nufa, domin kaskar kare tana ɗauke da cututtukan jini da ke bukatar nasu maganin daban. Ɗaya daga cikinsu sai an yi kwana 28 ana ba da maganin doxycycline kullum. A wannan tsakanin a cire manyan kaska da hannu: a kama ta dab da fata da hantsaki, a ja a hankali ba tare da murɗawa ba, a jefa cikin gwangwani mai ɗan kalanzir. Kada a fasa ta da farce.

Abinci ma a hankali. Karen da ya daɗe da yunwa ba a cika masa kwano a ranar farko, cikinsa da jininsa ba za su ɗauka ba. A fara da kamar kashi ɗaya bisa uku na abin da kare irin girmansa ke ci, a raba shi sau huɗu zuwa shida a yini, a riƙa ƙarawa cikin mako guda zuwa kwana goma. Shinkafa mai laushi da dafaffen ƙwai ko kifi marar ƙaya sun isa. Ragowar miyar gida mai albasa da yaji a bar ta, albasa tana lalata jinin kare. Maganin tsutsa irin wanda ake ba da ƙwaya ɗaya ga kowane kilo 10 a ba shi bayan ya fara cin abinci sosai, a maimaita bayan mako biyu.

Kuma a keɓe shi. Karen da ba a san tarihinsa ba a ɗaure shi ko a rufe shi nesa da yara da sauran dabbobi aƙalla kwana 10, a kai shi a yi masa allurar haukan kare da zarar likita ya ce ya isa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom kusa da Jos tana sarrafa wannan allura, kuma asibitocin dabbobi na gwamnati suna yi wa karnuka daga wata uku. Kwana 10 ɗin ba ya nufin kare ya fita zargi gaba ɗaya, cutar tana iya ɓoyewa makonni ko watanni. Abin da yake nunawa kawai shi ne ko yawunsa na ɗauke da ita a lokacin da ya yi cizo. Mutumin da karen ya ciza ko ya yakushe, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Na kawo wannan ne saboda lokacin wanka ne kare mai tsoro ya fi kai cizo, don haka takunkumi wajibi ne, ko da na bandeji ne da aka zagaya baki aka ɗaure a bayan kunnuwa.

Sai a san me ake yaƙa. Ƙazuwar kare iri biyu ce, kuma tsawon maganinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko ƙaiƙayinta kamar hauka, tana farawa a gefen kunne, gwiwar ƙafar gaba da ciki, tana yin ɓawo, tana kama wasu karnuka, har mutanen gida kan sami ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ciki na ɗan lokaci. Idan ka murza gefen kunnen kare da yatsu ka ga ƙafarsa ta baya ta fara susa da kanta, yawanci ita ce. Ta biyu ƙwaronta a cikin ramin gashi yake zaune, ba ta cika ƙaiƙayi ba sai ta yi ruwa, tana cinye gashi a kewayen ido, baki da ƙafafun gaba, ba ta kama mutum, kuma ta fi tashi a jikin ƙaramin kare ko wanda jikinsa ya yi rauni. Akwai kuma makero, mai zagaye kamar kwabo, wanda amitraz ba ya taɓa shi ko kaɗan. Hanyar tabbatarwa ita ce likita ya kankaro fata ya duba a madubin likita, aikin 'yan mintoci. Asibitocin koyarwa na dabbobi a Zariya, Sakkwato da Maiduguri suna yi, haka ma asibitoci masu zaman kansu da dama. Kuɗin wannan gwajin bai kai na kwalaben da za a ɓata a kan cutar da ba ita ba.

Yanzu awo, wanda shi ne zuciyar maganar. A kowane mil ɗaya (wato mililita, awon da ke jikin sirinji) na wannan kwalba akwai miligram 125 na magani. Awon da aka saba yi wa kare shi ne mil 2 a lita ɗaya ta ruwa, a yi wanka duk bayan kwana 14. Gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi mil 3 ke nan. Akwai awo mai ƙarfi, mil 4 a lita duk mako, wanda likita kan sa ga ƙazuwar ramin gashi da ta ƙi ji, amma wannan hukuncin likita ne. Kare mai kilo 15 lita uku na isarsa, wato mil 6 kacal. Murfin kwalba, cokali, ko "ɗan tsiyaya har ruwan ya yi fari" su ne ke kashe karnuka, domin ruwan yana yin fari tun kafin a kai awo, yana kuma nan fari ko an ninka shi sau biyar. Ido ba ya bambancewa. Kuma farin nan tamkar madara yake a cikin roba, saboda haka ba a haɗa shi a kwanon abinci, ba a ajiye shi minti ɗaya inda yaro zai kai hannu.

Kwana ɗaya kafin wankan a aske gashin da ya dunƙule, a wanke kare da sabulu mai laushi don ɓawon ya jiƙa ya fita, a bar shi ya bushe. Ƙwaron a ƙarƙashin ɓawo yake, idan ba a cire ba maganin a sama zai tsaya. Ranar wanka a sa safar hannu ta roba mai tsawo, a tsaya a fili mai iska, domin warinsa mai hawa kai ne. A ɗauki soso a jiƙa jikin gaba ɗaya tun daga wuya har wutsiya, a bi saɓanin kwanciyar gashi, a shiga hammata, matse-matsi da tsakanin yatsu. Fuska a goge ta da matsattsen soso, a kiyaye ido da baki. Idan ƙafafu sun kamu, a tsayar da shi cikin ragowar ruwan na 'yan mintoci. Daga nan ba ɗauraya, ba goge jiki da tsumma. A riƙe shi a inuwa mai iska, takunkumi na baki, har ya bushe don kada ya lashe. Tsakanin wanka da wanka kada ruwa ya taɓa shi, ban da wankan sabulun da ake yi kwana ɗaya kafin na magani, abin da ke da wuya da damina in ba shi da rumfa.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Da hunturu a bari sai hantsi ya ɗaga, da ruwa mai ɗan ɗumi, tunda maganin da kansa yana sanyaya jiki. Da bazara kuwa a yi da sassafe, kada a ɗaure jiƙaƙƙen kare a tsakiyar rana.

A kan kaska, aikinsa ya gamsar da ni ƙwarai. Cikin yini ɗaya zuwa biyu za ka ga sun saki fata suna zubowa. A kan ƙazuwa mai ƙaiƙayi, susa tana raguwa bayan wanka na farko ko na biyu, sai ɓawo ya daina fitowa, sai wani gashi mai laushi ya fara tsirowa a gefen kunne. A kan ta ramin gashi kuwa sai an yi haƙuri, wata biyu zuwa huɗu ba abin mamaki ba ne, kuma nan ne mutane ke karaya. Gashi ya dawo, a ce ya warke, a daina, bayan wata guda ta dawo fiye da da. Ƙa'ida ita ce sai an kankari fata sau biyu, wata guda tsakani, ba a ga ƙwaro ba.

Aibinsa babba shi ne kusancin awon magani da awon guba. Kare da aka yi wa fiye da kima zai riƙa tangaɗi, jikinsa ya yi sanyi, yawu na zuba, cikinsa ya kumbura, wani lokaci ya yi amai. A wanke shi nan take da sabulu da ruwan ɗumi, a lulluɓe shi, a garzaya wajen likita da kwalbar a hannu. Akwai allurar da ke warware shi, atipamezole ko yohimbine. Ba a ɗura masa manja ko madara, kare mai magagi zai iya shaƙe su. Aibi na biyu, ba ya ajiyuwa. Wanda aka haɗa da ruwa a ranar ake amfani da shi, kuma kwalbar da aka buɗe ta daɗe a zafi tana lalacewa ta ƙara guba, don haka ƙaramar kwalba ta fi. Ragowar ruwan a zuba a rami a rufe da ƙasa, nesa da rijiya da kududdufi, yana kashe kifi.

Akwai waɗanda ba a kusantar da shi gare su sam. Kwikwiyon da bai kai wata huɗu ba, karya mai ciki ko mai shayarwa, kare mai manyan gyambuna a buɗe, da kyanwa. Doki kuwa, wannan ina roƙon masu dawaki su riƙe shi da kyau: amitraz yana tsayar da hanjin doki har ya kai ga mutuwa, kada a yi masa wanka da shi, kada a ba shi ruwa a bokitin da aka haɗa shi, jaki ma a nisanta shi. Mai ciwon suga da mace mai ciki su bar wa wani ya yi wankan. Kuma kada a haɗa shi rana ɗaya da allurar ivermectin, wani maganin ƙwari da tsutsa, don a gaggauta, sai in likita ne ya tsara.

Idan aka kwatanta shi da abin da ake yi a unguwanni, baƙin mai na inji da fiya-fiya, ai babu haɗi. Baƙin mai yana ƙona fata, kare ya lashe ya shiga cikinsa, fiya-fiya kuwa kisa ne kawai. Idan aka kwatanta shi da ƙwayoyin taunawa na zamani irin su fluralaner, da ke aiki mako 12, ko afoxolaner na wata-wata, to sun fi shi sauƙi da aminci nesa ba kusa ba, suna kashe kaska, ƙuma da ƙazuwa iri biyun ba tare da wanka ba. Ga kare mai tsoro da ba ya yarda a taɓa shi, su zan zaɓa duk lokacin da aljihu ya ɗauka, tare da sanar da likita idan karen na da farfaɗiya. Matsalarsu tsada, kuma ba kowane gari ake samunsu ba.

Kowanne aka zaɓa, wankan kare rabin aiki ne a kan kaska. Kaskar kare a tsagar bango, ƙarƙashin tabarma da ramukan siminti take zama, mace ɗaya tana zuba ƙwai dubbai, kuma tana iya yin watanni ba ta sha jini ba. Wanda ya ga kaska sun dawo bayan mako biyu yakan ce maganin jabu ne, alhali daga bango suka sauko. A ƙone tsummokaran da karen ya zo yana kwana a kai, a share makwancinsa, a toshe tsagogin bango da siminti har sama tunda kaskar hawa take yi, a fesa maganin da likita ya ba da, a hana kaji da yara shiga sai wurin ya bushe, a kuma maimaita feshin a duk ranar da aka yi wa karen wanka.