Kafin ka biya kuɗin kwafin bayanai a babbar kwamfuta, san irin wanda kake saye

Duk dillalin da ke tallar ma'ajiyar bayanai ta babbar kwamfuta, irin IBM Z da bankuna ke dogaro da ita, zai ce maka kayansa na yin kwafi. Bai yi ƙarya ba, amma kwafi suna ne ya tara.

In dai ɗaukar fayil za ka yi daga nan zuwa can, riƙe kuɗinka. Tsarin z/OS, wato manhajar da ke tafiyar da IBM Z, ya zo da manhajojin kwafi IEBGENER da IEBCOPY, ga kuma umarnin REPRO na nau'in fayilolin da ake kira VSAM.

FlashCopy na IBM kuwa hoton duk bayanan da ke kan faifai yake ɗauka a daidai lokacin da ka umarce shi. Cikin daƙiƙu kaɗan ka fara aiki da kwafin, na'urar ta ci gaba da kwashe sauran a hankali. Takwaransa a Dell shi ne TimeFinder, a Hitachi kuma ShadowImage. Sai dai asalin da kwafin duk a akwati ɗaya suke, gobara ɗaya ta ishe su.

Inda kuɗi ke tafiya sosai shi ne kwafi zuwa wani gari. Metro Mirror na IBM ba ya barin aiki ya wuce sai cibiyar da ke ɗaya garin ta tabbatar rubutun ya iso, don haka ba a asarar komai. Amma nisa na ci masa tuwo a ƙwarya: kowane kilomita 100 na ƙara jinkirin kusan kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa, kuma IBM ta tsaya a kilomita 300. Global Mirror, shi ma na IBM, ba ruwansa da nisa, illa dai cibiya ta biyu kan kasance a baya da 'yan daƙiƙu. Dell ta haɗa nau'o'in biyu a nata tsarin mai suna SRDF.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ɗaukar waɗannan a matsayin ajiyar ko-ta-kwana. Ma'aikaci ya goge fayil ɗin albashi bisa kuskure, nan take can ma ya goge. Ɓarnar masu kutse ma haka take tsallakawa. Saboda haka, ni dai ba zan sa hannu a kwangilar da babu DUMP na DFSMSdss, wato umarnin z/OS mai juye bayanai zuwa kaset, ba, ko Safeguarded Copy da IBM ta fitar a 2018, mai adana kwafin da ba a iya taɓawa. Ka kuma sa dillalin ya dawo maka da bayanan jiya a gabanka, kana duban agogo.