Katifar memori fom ko tofa (shimfiɗar saman katifa), wacce ta fi dacewa da mai kwana a Kano?

Tun da aka fara haɗa wa ƙanwata kayan ɗaki nake zarya a shagunan katifa na kasuwar Sabon Gari, kuma kusan duk inda ka shiga sai ka ji "Yaya ga memori fom, ita ake yayi yanzu". To bari in faɗa muku abin da na gano kafin wani ya zuba kuɗinsa.

Shi memori fom soso ne na musamman, asalinsa hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ce ta sa aka ƙirƙiro shi a 1966 saboda kujerun jirgin sama. Ɗumin jikinka da nauyinka ke sa shi ya yi laushi ya lotsa daidai kafaɗa da ƙugu, in ka tashi ya dawo a hankali. Mai kwana ta gefe zai ji daɗinsa sosai, kuma in maigida ya juya cikin dare uwargida ba za ta ma ji motsinsa ba.

Matsalar dai zafi ce wallahi. Soson nan yana riƙe ɗumi, kai kuma ka nutse a ciki iska ba ta ratsa bayanka, ka tuna watan Afrilu da Mayu a garin nan zafi na haura digiri 40, sai a ɗauke wuta fanka ta tsaya, ai sai dai ka sauko tabarma. Akwai mai jel a ciki da suke cewa yana sanyi, eh da farko ka ji sanyin amma zuwa tsakar dare ya ɗauki zafin jikinka. Da hunturu kuma sai ya ɗan taurare sai ka kwanta ya sake.

Shi ya sa ni na fi karkata ga tofa, wato siririyar shimfiɗar memori fom da ake ɗorawa a kan katifa, mai kaurin inci 2 ko 3. Kuɗinta bai kai na cikakkiyar katifa ba, kuma in zafi ya matso ka naɗe ta ka ajiye, sanyi ya shigo ka mayar. Amma fa sai katifar ƙasa tana da ƙarfinta. In ta riga ta yi rami a tsakiya, tofa bin ramin za ta yi, ciwon bayan na nan.

Wajen saye, danna tafin hannunka ka ɗaga. Na gaske shatin hannun yana ɗaukar 'yan daƙiƙu kafin ya ɓace, soson gama-gari nan take yake tashi. Ka ɗaga shi ma ka ji nauyi, mai nauyi ya fi daɗewa. In katifar ƙasa za ka saya mai tauri, nemi dilan kamfani irin Vitafoam ko Mouka (Mouka ma a Kano aka kafa shi a 1959), ka karɓi rasit da takardar garanti, ka auna gadon tukuna ko mai ƙafa 6 tsawo da faɗi ne ko mai faɗin ƙafa 4 da rabi.

Masu ƙananan yara ku haɗa da zanin leda, don memori fom ba a wanke shi da ruwa, in fitsari ya shige shi sai ya daɗe bai bushe ba. Sabo kuma yana ɗan warin sinadari, a buɗe shi a ɗaki mai iska kwana 2 kafin amarya ta tare.