Wata Shida da Muka Yi da Iyalin Ingalls a Kan Tabarma

A ƙarshen damina na sayi littattafan Laura Ingalls Wilder guda tara, jerin da ake kira Little House, a hannun wani mai sayar da tsofaffin littattafai. Niyyata yara su gyara Turanci. Sai ga shi ni na koma tafinta: bayan sallar isha'i a shimfiɗa tabarma, in karanta shafi, in juya shi da Hausa, su kuma su yi ta katse ni da tambaya. Wata shida muka kwashe a haka. Ɗaya daga cikin littattafan ma shafuka goma sun ɓace a tsakiyarsa, mai sayarwar bai faɗa mini ba, amma wannan tsakanina da shi ne.

An haifi marubuciyar a Amurka a 1867, kuma sai a 1932, tana da shekara 65, littafinta na farko ya fito. Ƙuruciyarta ce ta mayar ƙagaggen labari: uba mai ƙafar yawo, uwa mai haƙuri, da 'ya'ya mata huɗu. Sun taso daga dajin Wisconsin a keken dawaki, suka zauna Kansas, suka koma Minnesota, daga ƙarshe suka yada zango a De Smet, a yankin Dakota, cikin shimfiɗaɗɗen filin ciyawa da ido ba ya ganin bishiya. Abin da ke jan mutane can shi ne dokar da Shugaba Lincoln ya sa wa hannu a 1862, wadda ta ba magidanci eka 160, muddin ya gina muhalli, ya noma, ya zauna shekara biyar a kai.

Ni ɗan manomi ne, don haka inda littattafan suka fi kama ni shi ne wajen aiki. Matar nan ba ta gaggawa idan tana bayanin yadda ake haƙa rijiya, ko yadda ake sauke kyandir a ciki da safe don a gane ko akwai muguwar iska kafin mutum ya shiga. Kamar kana tsaye a bakin ramin.

Amma daren da ba za mu manta ba shi ne na labarin annobar fara, a cikin On the Banks of Plum Creek. Iyalin suna zaune a ɗakin da aka haƙa a jikin gaɓar rafi. Uban ya ga alkamarsa ta yi kyau, sai ya ci bashin katako ya gina gida mai tagogin gilashi, da alkawarin biya bayan girbi. Kakar yara, wadda nake zaton gyangyaɗi take da carbi a hannu, ta ɗago ta ce, "Wannan ganin hadari ne ya sa shi wanka da kashi." Ba mu yi nisa ba kuwa sai ga fara ta rufe rana, ta sauka, ta cinye alkama da ciyawa har ganyen bishiyoyin bakin rafi, ta kuma zuba ƙwai don baɗi. Mutumin nan ya taka ɗaruruwan mil da hujajjen takalmi ya tafi ƙwadagon girbi a gonakin wasu. Duk wanda ya ga mahaifinsa ya tafi cin rani bayan damina ta yi gardama ba ya buƙatar a fassara masa wannan babi.

Autana ya ce, "Baba, to me ya hana su soya ta da yaji?" Muka yi ta dariya, amma tambayar ba ta banza ba ce. Wannan annoba ta faru da gaske tsakanin 1874 da 1877, kuma masanin ƙwari na jihar Missouri a lokacin, Charles Riley, ya shawarci mutane su ci farar. Abin mamaki, irin wannan fara ta ƙare ƙaf a duniya; rabon da a kama mai rai tun 1902.

The Long Winter kuwa cikin hunturu muka karanta shi, muna lulluɓe da bargo muna jin kunyar kukan sanyinmu. Guguwar dusar ƙanƙara ta fara a Oktoban 1880, jirgin ƙasa ya daina zuwa De Smet, bai dawo ba sai Mayun 1881. Kwal ya ƙare, kananzir ya ƙare, gari ya ƙare. Suka koma murɗa busasshiyar ciyawa ta yi tauri su sa a murhu, suna niƙa alkama a ɗan injin niƙa kofi na hannu, daga safe har dare, don a samu burodin yini guda. Har uban ya kasa kaɗa gogensa saboda yatsu sun tsattsage. A ganina wannan ne gwanin jerin, kuma in littafi ɗaya kawai mutum zai saya, to shi.

Inda na yi turus shi ne Little House on the Prairie. Filin da suka kafa gida a Kansas wajen 1869 na ƙabilar Osage ne, 'yan asalin ƙasar, kuma ba da izini suka shiga ba. Amma yadda aka tsara labarin, sai ka ga kamar masu ƙasar ne baƙin da ke tsoratar da mutane, wasu maƙwabta kuma suna furta munanan kalamai a kansu. 'Yata ta fari ce ta tare ni: "Baba, ba gonarsu ba ce aka shiga?" Na rufe littafin na ce tasu ce, kuma daga baya an tura su yankin da yanzu ake kira Oklahoma. Ba ni kaɗai abin ya dama ba, domin a 2018 ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Amurka ta cire sunan marubuciyar daga wata lambar yabo ta adabin yara saboda yadda ta siffanta 'yan asalin ƙasar da baƙar fata. Ban ce a hana yaro karantawa ba, amma wannan littafin ba na miƙa masa a tafi ba ne. A zauna kusa.

Haka nan kada a ɗauka tarihi ne tsantsa. 'Yarta Rose Wilder Lane ta sa hannu sosai wajen gyaran rubutun, an kuma share wasu abubuwa masu ɗaci, kamar ƙanen marubuciyar da ya rasu yana jariri a 1876, wanda ko sunansa ba a ambata ba.

Turancin mai sauƙi ne, ɗan aji shida na firamare zai iya, kuma zanen Garth Williams na taimaka wa yaron da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Wasu babukan kan ɗinki da kwalliyar riguna sun gundure mu, na tsallake su ba tare da kowa ya yi ƙorafi ba. Na taran, The First Four Years, wanda ya fito a 1971 bayan rasuwarta, ni kaɗai na karanta shi: ƙanƙara ta kashe alkama, bashi ya taru, jariri ya mutu, gida ya ƙone. Na ɗaga shi saman kabad sai sun ƙara girma.