Wake, acha ko shayin rage ƙiba: ina ya kamata kuɗinki su tafi?

Duk wadda ta ɗaura niyyar rage ƙiba, cefanen wata za ta fara gyarawa, domin abin da ke sito shi ke shiga tukunya. To me za a auno a madadin farar shinkafa da taliya da semo? Abin da nake dubawa shi ne ko abincin zai riƙe ciki har la'asar, ko aljihu zai iya ɗaukarsa wata bayan wata, sannan ko sauran mutanen gida za su ci. Abincin da sai an ɗora miki tukunya daban ba ya nisa.

A kan wannan ma'auni, wake ne zaɓina. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, ɓawonsa kuma yana sa abinci ya daɗe a ciki, sukarin jini bai yi tashin gaggawa ba. Ki ci faten wake da alayyafo, da daddawa da ɗan busasshen kifi da rana, ki gani ko za ki nemi cincin kafin magariba. Sai dai girki ne ke raba gardama. Alala da ƙosai ƙullu ɗaya ne, amma ƙosai ya sha mai a kasko. Garau-garau ma ba sai kin bari ba: ki juya awon, wake biyu shinkafa ɗaya, ki yanka latas da tumatir da yawa, mai kuma a auna da cokali, kada a tuttula daga kwalba. Babban cokali ɗaya na mai kalori wajen 120 ne, ko na gyaɗa ne ko manja ko man zaitun mai tsada. Idan yana kumbura miki ciki, ki jiƙa shi ya kwana, ki zubar da ruwan, ki fara da kaɗan har ciki ya saba.

Wajen saye, ki jira kaka lokacin da sabo ya fito, ki auni da yawa. A Kano, Dawanau ce kasuwarsa. Ki ɗebo a tafin hannu ki shinshina. In kin ji warin magani, ki wuce ko da an yi miki ragi. Wasu 'yan kasuwa suna zuba masa fiya-fiya don kashe ƙwari, kuma yawan irin wannan guba ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Gara min mai 'yan huji in tsince. Ki tambayi mai awo yadda ya ajiye. Wanda aka ɗaure a buhun PICS mai riɓi uku ba ya buƙatar magani. A gida ki cika busasshiyar jarka har wuya, ki toshe tam, rashin iska zai gama da ƙwarin.

Dawa da gero su ne na biyu a wurina, muddin ba a surfe su fes ba, don amfanin yana cikin dusar. Acha ta Filato da kudancin Kaduna tana da daɗi da saurin dahuwa, amma ga tsada ga yashi, kuma kalorinta bai yi nisa da na sauran hatsi ba. Oats na gwangwani kashe kuɗi ne kawai. Garin alkama na leda kuwa tuwo ne dai, malmala uku ta alkama malmala uku ce.

Kada ki gyara tukunya ki bar firji. Kwalbar lemo mai 35cl tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce cokali 12 a yini, in son samu ne ma 6. Zoɓo da kunun ayan sayarwa ma sukari ake jibga musu.

Yanzu ga abin da ke ci min rai. Ƙanwata ta sayi shayin rage tumbi a hannun wata mai talla a Instagram, leda ce mai ƙyalli, babu jerin abin da aka haɗa, babu adireshi. Gudawa ta yi ta yi, tana murna sikeli na sauka, har jiri ya kayar da ita a banɗaki, sai da aka yi mata ƙarin ruwa a asibiti. Da ta yi wa mai shayin magana, cewa ta yi datti ne ke fita. Yawancin irin wannan shayi filasko ne a ciki, ruwan jiki yake zuƙewa, kitse yana nan daram, kina dainawa nauyi ya dawo. Wanda ya fi muni shi ne ƙwayoyin da ake cewa zallar ganye ne alhali an cusa musu sibutramine, maganin da Turai da Amurka suka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Lambar NAFDAC a jikin kwali ma ba hujja ba ce, maha'inta suna bugawa, sai ki bincika a shafin hukumar. Hoton "kafin" da "bayan" kowa zai iya satowa. Duk wanda ya yi miki alkawarin kilo 10 a mako, ki riƙe kuɗinki; likitoci rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako suke cewa. Haka masu zumar rage ƙiba: ta jabun narkakken sukari ce, ta gaskiyar ma sukari ce a jiki.

In kina shan maganin suga ko na hawan jini, ko kina da ciwon ƙoda, ko juna biyu, ki nuna wa likita sabon tsarin abincinki kafin ki aika a yi awon watan.