Hackintosh a Yamai: ta yi mini aiki, amma ba zan haɗa wa kowa wata ba

Sana'ata montaj ce, wato yanka da haɗa bidiyo: bidiyon aure, na suna, wani lokacin kuma ƴan gajerun finafinan da ƙungiyoyi ke nuna wa masu ba su tallafi. Da Final Cut Pro na koyi aikin a wurin maigidana, hannuna ya saba da shi har in na zauna gaban wani abu daban sai in ji kamar ba ni ba. To a kwamfuta Final Cut ba ya tashi sai a kan macOS, tsarin da ke tafiyar da kwamfutocin Mac, shi kuwa macOS kamfanin Apple ba ya sayar da shi shi kaɗai, sai ka sayi injinsu. iMac mai inci 27 da ta fito a 2020, mafi arhar cikinsu dalar Amurka 1,799 ce a can inda ake sayar da ita. Kafin ta hau jirgi, ta bi ta duwan, mai kanti ya ɗora ribarsa, ta zama kuɗin fili. Abin da ya sa ke nan a ƙarshen 2022 na harhaɗa kwamfuta da hannuna na ɗora mata macOS, abin da masu yinsa ke kira Hackintosh. Har yau da ita nake cin abinci, kuma ƙannena da yawa a wannan sana'ar suna tambayata ko su ma su yi. Amsar da nake ba su ta sauya daga yadda take a da.

Dalilin da ya sa abin yake yiwuwa tun farko shi ne, a 2005 Steve Jobs ya sanar Apple zai bar firosesan PowerPC (firosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta) ya koma na Intel, a farkon 2006 kuma Mac na farko masu Intel suka fito. Daga nan cikin Mac da cikin PC suka zama ƴan gida ɗaya, bambancin ya rage ƴan makullai da macOS ke dubawa kafin ya yarda ya tashi. Masu ilimin abin suka samo hanyar amsa masa tambayoyinsa. Lasisin macOS dai ya faɗa ƙarara cewa a kan injin Apple kaɗai aka yarda a sa shi, kuma wani kamfani a Florida mai suna Psystar da ya fara sayar da irin waɗannan kwamfutoci a 2008, Apple ya maka shi kotu ya kuma yi nasara a kansa a 2009. Na san wannan kafin in fara. Shi ya sa ban taɓa haɗa wa wani don kuɗi ba, shi kansa Final Cut ɗin kuma saya na yi a App Store, dalar Amurka 299.99, da katin banki.

Rabin aikin a kasuwa ake yinsa, kafin ka taɓa ko da ƙusa ɗaya. Ba kayan da suka fi ƙarfi kake nema ba, kayan da suka fi kama da abin da Apple ya taɓa sawa cikin injinansa kake nema. Na ɗauki firosesa Core i7-10700, wato zubi na goma na Intel, don shi ne zubin da ke cikin iMac ta 2020, kuma daga zubi na sha ɗaya zuwa sama macOS bai san ɓangaren hoton da ke cikin firosesa ɗin ba. Katin hoto kuwa nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Duk wanda ka tambaya a Yamai wane kati ya fi, Nvidia zai ce maka, kuma a Windows gaskiya ya faɗa. A macOS, tun Mojave na 2018 babu direban sababbin katunansu, wato shirin da ke sa kati ya yi aiki. Mai shagon da na saba da shi sai da ya riƙe baki.

"Ƙanena, ga sabo fil a kwali ka bari, kana neman tsohon AMD? Ko dai kuɗin ne ba su cika ba, ka faɗa mini in rage maka?"

Na ce masa, "Alhaji, ba kuɗi ba ne. Injin ne ke da zaɓen abinci."

Katin AMD RX 580 mai giga 8 na saya, na hannu. Lokacin ya yi mini daidai, don a Satumban 2022 aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katunan hoto, masu haƙar suka zubo nasu kasuwa, farashi ya faɗi ƙasa. Amma a yi hattara: akwai wani iri da ake rubuta wa RX 580 2048SP, ya cika shagunan intanet na Sin, sunan ɗaya amma lambar shaidarsa daban, macOS ba ya gane shi kai tsaye. Katunan haƙa kuma da yawa an sauya musu BIOS, shirin da ke cikin katin kansa. Ka sa mai kaya ya jona maka a Windows, ka buɗe GPU-Z, shirin da ke nuna bayanan kati, ka gani da idonka kafin ka ƙirga kuɗi.

Sauran rabin shi ne OpenCore. Ɗan shiri ne da ke tashi kafin macOS, ya gabatar masa da injinka a matsayin Mac, tawa a matsayin iMac20,1. Tare da shi akwai ƴan direbobi da ake kira kext: Lilu da sauran ke dogara a kansa, VirtualSMC da ke kwaikwayon guntun da macOS ke nema a Mac na gaske, WhateverGreen na hoto, AppleALC na sauti. Duka kyauta, aikin ƴan sa-kai ne, kuma jagorar Dortania ta bi komai daki-daki. Sai dai da Ingilishi take, mu kuma nan Faransanci muka yi a lakwal, don haka karatun ya ci mini dare ba kaɗan ba. Duk sirrin yana cikin fayil ɗaya, config.plist. Layi guda ya karkace, sai baƙin allo da fararen rubutu su tsaya cak a wuri ɗaya, ka ɗauki hoto da waya ka shiga nema. Akwai masu sauko da fayil ɗin da wani ya riga ya shirya su liƙa. Yana iya tashi, amma ranar da ya ƙi ba ka san inda za ka taɓa ba, don ba kai ka gina ba. Abin da ya fi cin rai shi ne ramukan USB: macOS ba ya ɗaukar fiye da 15 a kan kowane mai sarrafawa, ramin USB 3 ɗaya kuma biyu ake ƙirga shi, don haka sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya da kile (filashin USB) a hannu kana zaɓen wanda zai rayu.

Da kwamfutar ta zauna kuwa, ta zauna. Wannan dole in faɗa, don masu cewa Hackintosh wasan yara ne ba su yi aiki da mai kyau ba. Bidiyon 4K na kyamara biyu yana tafiya sumul, gyaran launi ba ya sa ta tari, fitar da bikin awa ɗaya da rabi ba ya hana ni barci. Na sa mata RAM giga 32, daga baya na ƙara faifai na biyu da na uku, duk da sukurdireba ɗaya. Ranar da akwatin wutarta ya ƙone ana saura kwana kaɗan in miƙa aikin wata Hajiya, kafin la'asar na samo wani a kasuwa na ɗaura, aka ci gaba. A nan take kamar tsofaffin taksin garin nan: ba kyan gani, amma duk abin da ya lalace akwai shi a bakin titi. Wanda Mac ɗinsa na gaske ya mutu a Yamai ya san bambancin. Babu kantin Apple, sai dai jiran mai zuwa Dubai ko Faransa, ko a kai wa masu gyaran waya su gwada sa'a da iskar zafi.

Ƙananan abubuwan haushi suna nan, an saba da su. Barci: in ka bar ta ta kwanta da kanta, wani sa'in ta farka lafiya, wani sa'in fanka na juyawa allo baƙi ƙirin. Na kashe barcin gaba ɗaya na huta. Agogo: ina da Windows a faifai daban, kuma su biyun ba su yarda da juna ba a kan yadda ake ajiye lokaci a cikin injin, macOS yana ajiye na duniya, Windows na gida. Tunda Nijar awa ɗaya take gaban GMT, duk lokacin da na dawo Windows sai in tarar agogo ya koma baya da awa guda, har sai da na gyara a rajistarsa. Kilabiye: AZERTY na Mac da na PC ba wuri ɗaya suke ajiye @ da wasu alamomi ba, amma akwai tsarin Faransanci na PC a cikin macOS, ka zaɓe shi magana ta ƙare. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, da shirin tsara kilabiye mai suna Ukelele na shirya musu gurbi, don ina rubuta sunayen ango da amarya a kan allo, kuma ba wanda ke son ganin an rubuta sunan ɗiyarsa ba daidai ba.

Babban abin shi ne mizajur, wato sabunta macOS. Mai Mac na gaske yana ganin jan ɗigon nan ya danna ya tafi shan shayi. Ni in na gan shi sai in jira makonni, in karanta abin da ya sami waɗanda suka riga ni, in sabunta OpenCore da kext ɗin, in kwafe babban fayil ɗin EFI, inda OpenCore ke zaune, a kile biyu, sannan in zaɓi makon da ba ni da aikin kowa a hannu. Ga kuma cin forfe, wato datar intanet: in an taɓa wasu sassan tsarin, maimakon ƙaramin gyara sai a sauko da cikakken macOS, giga goma sha wani abu. Da Sonoma ya fito a 2023, an cire direban katunan Wi-Fi na Broadcom da kusan kowa ke sawa don samun AirDrop, hanyar tura fayil ta iska tsakanin na'urorin Apple, tunda Mac ɗin da ke amfani da su sun fita daga jerin da ake tallafawa. Akwai hanyar maido su, amma sai ka sassauta tsaron injin. Ban yi ba. Na ja waya daga akwatin intanet, hotunan da abokan ciniki ke turowa daga iPhone kuma suka koma bin WhatsApp da kile. Ba na ganin laifin kowa a nan. Ba wanda ya yi mini alkawarin komai.

Abin da ya sauya ra'ayina ba ma wannan ba ne, wuta ce. RX 580 kaɗai an ƙiyasta masa wat 185, firosesa ɗin 65 a rubuce, kuma in aiki ya yi nauyi yana zarce haka. Ƙara allo da faifai. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40 da rana, ɗakin aikina yana zama tanda, fankokin injin suna ihu, in kuma hunturu ya zo ƙura ta toshe su sai an buɗe an hure. Da aka ɗauke wuta, ondiler ɗina, batirin da ke riƙe injin, mintoci kaɗan yake ba ni, daidai in adana aiki in kashe. A watannin da suka biyo bayan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turo wa ƙasar nan, na zauna kwana da kwanaki ina kallon injin mai ƙarfi da ba abin da zai tashe shi sai gurup. A daidai wannan lokacin wani abokin sana'ata da ke da ƙaramar MacBook Air mai guntun Apple na M1, wadda ko fanka babu a cikinta, yana zaune a tsakar gida yana yanka bidiyo da batir, da yamma ya yi caji da fanon sola. Aikinsa ya fita, nawa yana jira.

Sannan ita hanyar kanta ta zo ƙarshe. Tun Yunin 2020 Apple ya ce zai koma guntun da yake ƙerawa da kansa, M1 ya fito a Nuwamban shekarar, Mac na ƙarshe mai Intel kuma ya bar kanti a 2023. A Yunin 2025 suka faɗa a fili cewa macOS 26, Tahoe, shi ne na ƙarshe da zai tashi a kan Intel. Gyaran tsaro zai ci gaba na ɗan lokaci, amma sabon abu ba zai ƙara zuwa ba. Tun yanzu ma an fara barinmu a baya: sashen Final Cut Pro 11 da ke sauraron magana ya rubuta ta a ƙasan allo sai da guntun Apple, nuna allon iPhone a kan Mac kuma yana neman guntun Apple ko T2, guntun tsaro da ke cikin wasu Mac masu Intel, wanda ba a iya kwaikwayonsa. Mac mini mai M4 da ta fito a ƙarshen 2024 da dalar Amurka 599 aka fara sayar da ita, da RAM giga 16, ƙanƙanuwa ce har ta shiga jakar hannu, wanda ke sauƙaƙa wa mai kawo maka ita daga waje, kuma iyakar abin da take ja bai wuce wat 65 ba. Ba a ƙara mata RAM, in ta mutu ta mutu, wannan gaskiya ne kuma yana damuna. Amma hujjar arha da muke riƙe da ita a da ta tafi.

Ga wanda ya riga yana da injin Intel na zubi na takwas zuwa na goma da katin AMD, yana kuma son ya koyi yadda kwamfuta ke tashi tun daga tushe, ko ɗalibi ne a jami'ar Abdou Moumouni da ke son taɓa Xcode, shirin Apple na rubuta manhajoji, kafin ya sami halin sayen Mac, ya gwada a faifai daban, ba a kan wanda aikinsa ke ciki ba. Zai koyi abin da aji ba zai koya masa ba. Wanda kuwa zai ciro kuɗi yau ya sayi sababbin kaya don Hackintosh, ina ba shi shawara ya tsaya: ko ya tara ya nemi Mac mai M ko da na hannu ne, ko ya haɗa PC ɗinsa da Nvidia ɗin da Alhaji ke ta tallatawa ya koyi DaVinci Resolve, wanda ke da sigar kyauta kuma yana tafiya a Windows ba tare da wata dabara ba. Tawa na tsayar da ita a Sonoma, na kashe mizajur na kai tsaye, kuma kuɗin aikin biki biyu cikin kowane biyar ina ware su gefe don Mac mini.