RTX 3060 ko RX 6600: amsa ga ƙanenmu mai haɗa kwamfutar wasa da montaji

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tambayi kayan da za ka sa a kwamfutar da kake haɗawa don wasa da montaji, wato yanka da gyaran bidiyo. Cikin katunan girafik biyu da ka jero, RTX 3060 da RX 6600, ɗauki 3060 na kamfanin NVIDIA, amma mai ma'ajiyar giga 12. Wajen firosesa kuma, tsakanin Ryzen 5 5600 da i5-12400, ɗauki i5, wanda babu harafin F a wutsiyar sunansa. Na san akwai ƴan AMD, kamfanin da ke yin RX 6600 da Ryzen, cikin gidan nan da za su taso mini, su yi haƙuri su bari in kai aya.

Katunan nan biyu sa'o'in juna ne. A 2021 sunka fito duka, 3060 a Fabrairu, 6600 a Oktoba, kuma kowanne dalar Amurka 329 anka yanka masa ranar fitowa. In ka kunna GTA V ko FC ko Fortnite a ekaran 1080p, aka rufe maka sunan katin, da wuya idonka ya raba su. Da wasa kaɗai za ka yi, da sai in ce tafi butik ka ɗauki wanda ya fi sauƙin kuɗi, mu huta. Montajin da ka ambata shi ya raba gardama.

Ni 3060 ke cikin injina a nan Yamai, kuma ranar da ya shiga raina ina tune da ita. Aure anka yi a Tawa, ɗan'uwana ya zo mini da kayan aiki tuli: abin da kamara ta ɗauka a 4K, ga kuma na ƙawayen amarya daga wayoyinsu, wani a tsaye, wani a kwance, wani cikin duhun rumfa, hannu na rawa saboda mai ɗaukar ita ma rawar take yi. Ango ɗan ci-rani ne, Abijan zai koma, ya ce sai ya ga fim ɗin aurensa kafin ya hau mota. Na zuba su duka cikin manhajar montaji DaVinci Resolve, na jera su bisa juna, ina gyaran launi, ina kwantar da rawar hoto, ina ɗora rubutu. Da na leƙa in ga abin da katin ke ɗauke da shi, ma'ajiyarsa ta riga ta haura giga 8, shi kuwa ko gezau. Na fitar da bidiyon, ango ya tafi da shi cikin kile, aka ce mini uwar amarya sai da ta sa aka maimaita mata wurin kai amarya har dare ya raba.

Giga 12 ɗin nan su sunka yi aikin. Ma'ajiyar kati kamar tabarmar shanya take: muddin da fili, zuba kawai kake yi, in ta cika sai an kwashe na kai kafin a zuba wani. Idan ta cika, injin yakan koma ajiya cikin RAM, wadda ta fi nisa kuma ta fi jinkiri, nan hoto ke fara tsalle-tsalle, wani lokaci Resolve ya fito maka da saƙo cewa ma'ajiyar kati ta cika, aiki ya tsaya. A 1080p giga 8 sun wadatar. Amma yau har wayar aljihu 4K take ɗauka, kuma mai kawo maka aiki ba zai tambaye ka katin da kake da shi ba.

Abu na biyu, cikin katunan NVIDIA akwai wani ɓangare da ake kira NVENC, aikinsa kaɗai matse bidiyo zuwa H.264 ko H.265 ba tare da an wahalar da firosesa ba. Manhajar montaji Premiere Pro na amfani da shi, OBS ta watsa bidiyo kai tsaye ma haka. AMD na da nasa, sai dai a katunan wancan zamani hoton H.264 ɗinsa ya fi saurin dagulewa in an rage masa nauyi. Mu kuma da intanet ɗinmu, in za ka watsa wasanka kai tsaye a Facebook ko YouTube, dole ka rage nauyin. Ga kuma CUDA, fasahar NVIDIA da ke sa kati ya yi lissafin aiki, wadda manhajojin montaji da na zane irin su Blender sunka fi sabawa da ita.

RX 6600 kuwa, wat 132 yake ci inda 3060 ke cin 170, kuma yawanci ya fi araha. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan.

Ka buɗe ido wajen suna. A ƙarshen 2022 an fito da wani 3060 mai giga 8, hanyar ma'ajiyarsa bit 128 ce maimakon 192, ya fi rauni, amma kwalinsu kusan ɗaya. Karanta lambar da kanka. In an miƙo maka RX 6500 XT ana cewa ai ƙanen 6600 ne, mayar musu: yawanci giga 4 gare shi, kuma ba shi da ɓangaren matse bidiyo sam. RTX 4060 na 2023 shi ne kaɗai zai iya sa ni jinkiri, don ya fi 3060 gudu a wasa, wat 115 yake ci, yana kuma fitar da AV1, sabon salon matse bidiyo. Amma shi ma giga 8 ne. In wasa ya fi yawa cikin ranka, ɗauke shi ba laifi. In montajin ne kake fatan ya riƙa kawo maka na cefane, ina nan a kan 12.

Firosesa ba zan daɗe a kansa ba. Duka biyun na 2022 ne, kor 6 kowanne, kuma a wasa kunnen doki suke. Abin da ya sa na ce i5-12400 marar F: akwai ƙaramin girafik a cikinsa, UHD 730, mai ɗauke da wani ɓangare da ake kira Quick Sync, wanda ke taimakawa wajen karanta bidiyon waya da na kamara, layin montaji ya riƙa tafiya sumul. Kuma ranar da babban katin ya samu matsala, Allah Ya kiyaye, sai ka mayar da wayar ekaran bisa kart mer, wato babban allon da ake haɗa duk kayan injin a kai, ka ci gaba da aikin mutane kafin wani ya iso daga Dubai ko Kano. Ryzen 5 5600 ba shi da wannan, in kati ya kwanta injin ya makance. Kar a ruɗe ka da 5600G: yana da girafik, amma an rage masa kash, ƙaramar ma'ajiya mai sauri ta cikin firosesa, daga mega 32 zuwa 16, kuma a PCIe 3.0 ya tsaya.

Kart mer B660 ko B760 ta isa, H610 ma za ta yi in aljihu ya matse. Ka dai tambaya DDR4 take ɗauka ko DDR5, don kowace iri ɗaya take karɓa, ramin ma ba ɗaya ba ne. RAM giga 16 a sanda biyu, takwas-takwas, kar ka yarda da sanda ɗaya mai 16, don biyun tare suke jan aiki. In 4K za ka riƙa taɓawa kullum, kai ta 32. SSD irin NVMe, tera 1. Kar ka ga kamar ya yi yawa: iPhone a 4K mai hoto 60 cikin daƙiƙa yana cin wajen mega 400 a minti guda, awa ɗaya giga 24 ke nan, ga wasannin yanzu da ɗaya kan haura giga 100. Tsohon dis dur ka bar shi wajen ajiyar ayyukan da ka gama.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, wanda a ƙasar nan ya fi sunan kati muhimmanci. Alimantasiyo, wato alim, akwatin da ke rarraba wuta ga kayan injin. Yaran da ke haɗa inji su kan zuba kuɗinsu kaf a kati, su ƙarasa da alim marar suna, mai nauyin kwalin ashana, an manna masa takarda an rubuta wat 800. Araha ba ta ado. Irin wannan in ya tashi mutuwa ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja kart mer ko katin su tafi tare. NVIDIA da kansu wat 550 sunka ce a sa wa 3060. Nemi 550 zuwa 650 na kamfanin da anka sani, irin Corsair, Seasonic ko Cooler Master, mai tambarin 80 Plus Bronze. Ɗaga shi a hannu, na gaske yana da nauyi.

Bayansa ondiler, akwatin batir da ke riƙe inji in wuta ta ɗauke. Ka san yadda kuran ke yi mana daga Afirilu zuwa Mayu, ya tafi ya dawo, wani lokaci ya dawo da ƙarfin da ya wuce 220. Injin nan da ekaran, in suna cikin aiki sosai, za su ci wat 300 da wani abu. Lambar da ke jikin ondiler VA ce, ba wat ba, mai VA 1000 yawanci wat 600 yake iya ɗauka. Kar ka sauka ƙasa da haka. Ba don ka ci gaba da wasa cikin duhu ba ne, don ka samu ƴan mintunan adana aiki ka kashe inji lafiya. In kuɗi ba su kai ba, gara ka bar RAM a 16, ka haƙura da fitilu masu launi, ka sayi ondiler.

Akwati kuma, rabu da mai gilas ta ko'ina da kake gani a TikTok. Waɗanda ke nuna su cikin ɗaki mai kilima suke. Mu da zafi ke haura digiri 40, mai raga a gaba muke so, fanka biyu ko uku na shigo da iska, ɗaya na fitarwa ta baya, da matatar ƙura da ake cirewa a wanke. Ɗora shi bisa tebur, kar ka ajiye a ƙasa. Lokacin hunturu ka riƙa fita da shi waje kana hure shi, ka danne fanka da yatsa kar iska ta juya ta fiye da kima.

Sai maganar masu sayarwa. Akwai na kirki, amma akwai waɗanda in sun ga sabon shiga sai su gyara zama. Na farko, tsohon injin ofis da anka sa wa fitila aka kira shi "i7 na wasa". Tambayi lambar. In i7-4770 ne, na 2013 ne, kor 4, kuma Windows 11 ba ta karɓarsa a ƙa'ida, ga shi Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun Oktoban 2025. Na biyu, katunan haƙar kirifto. Tun da Ethereum ta bar haƙa da kati a Satumban 2022, katunan da sunka yi shekaru suna aiki dare da rana sunka cika kasuwannin duniya, an wanke su, an mayar cikin kwali. RX 580 mai giga 8 ya fi yawa cikinsu, wasu ma masu lambar 2048SP ne, waɗanda ƙarfinsu na RX 570 ne. Shi kansa 3060 an yi haƙa da shi, saboda haka okaziyo ba laifi ba ne, amma a sayar maka da shi da sunan okaziyo, a kuɗin okaziyo. Na uku, kati ko SSD na jabu, da anka canza wa suna daga ciki, injin ya nuna maka abin da babu.

Ka tafi da kile ɗinka da GPU-Z, CrystalDiskInfo da FurMark a ciki, duka kyauta ne. GPU-Z zai faɗa maka ainihin katin da gigarsa. CrystalDiskInfo zai nuna awa nawa SSD ya yi yana aiki, sabo ba ya zuwa da dubban awoyi. FurMark kuma ka bar shi ya gasa katin kamar minti 15 a gaban mai butik, kana kallon zafi, kana duban ko ɗige-ɗige ko layuka za su fito a ekaran. Duba kusoshin bayan katin ko an taɓa kwance su. Wanda ya ce ba a gwaji a wurinsa, yi masa sai an jima. Kar ka tura kuɗi gaba ga wanda hoton kaya kawai ya nuna maka a WhatsApp. In kun daidaita, a rubuta maka faktir da lambar jikin kowane kaya da tsawon garanti, ka ɗauki hotonta da waya tun kana cikin butik ɗin.